Kwal: abin da zai iya yi wa Katsina da abin da ba zai iya ba

Duk mai shiga kasuwa a Katsina ko Daura ya ga yadda buhunan gawayi suka yawaita tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Gidajen da suka saba da tukunyar gas sun kakkaɓe kurfoti sun dawo da shi tsakar gida, kananzir kuwa an daɗe da sallama shi. Wuta ba ta tsayawa, dizal ya gagari masu ƙananan masana'antu. Cikin wannan hali ne maganar kwal ke ta dawowa a majalisu da shirye-shiryen rediyo: Allah ya jibge mana shi a ƙarƙashin ƙasa, da shi Sin da Indiya suka tashi, to mu me muke jira? Tambayar tana da tushe, sai dai ta haɗa abubuwa uku wuri guda. Akwai kwal na tashar lantarki, akwai na masana'anta, akwai na murhu, kuma kowanne lissafinsa daban ne ga mutumin da ke zaune a bakin iyakar Nijar.

Gawayi da kwal asalinsu ɗaya, tsiro ne, bambancin yana wajen wanda ya gasa su da tsawon lokacin gashin. Mai gawayi yakan sare icce, ya jera shi, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya cinna wuta ya bar ta tana ci a hankali ba tare da isasshiyar iska ba, cikin 'yan kwanaki ya tone. Kwal kuwa dazuzzukan fadama ne da suka mutu suka nutse cikin ruwa da laka tun miliyoyin shekaru, ƙasa ta yi ta taruwa a kansu, nauyi da zafin cikin ƙasa suka matse ruwan suka bar sinadarin kabon. Yawancin kwal ɗin Turai da Amurka ya samu ne kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Namu na kwarin Anambra da Binuwai yaro ne a kansa, shekarunsa wajen miliyan 70.

Wannan tazarar tana da muhimmanci, domin gwargwadon daɗewar kwal da zurfin da ya yi, gwargwadon ƙarfin wutarsa. Mafi rauni shi ne mai ruwan ƙasa, mai laushi da damshi, wanda ake samu a Delta da wasu sassan Gombe. Sama da shi akwai matsakaici, wanda shi ne mafi yawan abin da ke Najeriya, a Inugu da Okaba ta jihar Kogi da Owukpa ta Binuwai. Daga nan sai baƙi mai maiƙo, sannan mai tauri da sheƙi wanda kusan tsantsar kabon ne. Kwal ɗin Najeriya an yaba shi da ƙarancin farar wuta, yana kuma kamawa da sauri, ya dace da tukunyar tururi da tanderun siminti. Amma akasarinsa ba ya dunƙulewa idan an gasa shi, kuma wannan naƙasu ya shafi Katsina kai tsaye, kamar yadda za a gani a batun ƙarfe. Ita kanta jihar Katsina ba ta cikin jihohin da aka sani da kwal. Mafi yawan ƙasarta tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo a Dutsin-Ma da Funtuwa, kuma ba a samun kwal a cikin irin wannan dutse.

Ingila ce ta fara ɗora rayuwarta kacokan kan kwal, kuma dalilinta ya kamata ya tsaya wa kowane Bakatsine a rai: itace ne ya yi mata ƙaranci. Masu narka tama a can da gawayi suke aiki, kamar yadda maƙeranmu suka yi ɗaruruwan shekaru. Har yau in ka shiga maƙera za ka ga maƙeri ba ya karɓar kowane gawayi. Yakan ɗauki guda ya auna nauyinsa a hannu, ya karya ya dubi cikinsa, domin na ƙirya yake nema, mai nauyi, wanda zuga-zugi ba ya watsa shi, mai riƙe wuta har ƙarfe ya yi ja ya yi fari. Narka tama na cin irin wannan gawayi fiye da kima. A 1709 wani mai masana'anta a Ingila, Abraham Darby, ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayi. A 1712 aka kafa injin tururi na farko mai aiki don zuƙe ruwa daga ramin haƙa, James Watt ya inganta shi daga baya, sai masaƙu da jiragen ƙasa da na ruwa suka biyo. Ƙarni biyu ke nan kwal na jan ragamar masana'antun duniya.

Har gobe bai sauka ba. Duniya na ƙona fiye da tan biliyan 8 a shekara, Sin kaɗai na cinye fiye da rabi, Indiya na bi mata da sama da tan biliyan guda. Wajen kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga kwal yake fitowa, a Afirka ta Kudu ma ya kai kusan kashi 80 cikin 100. Aikin tashar ba shi da wuyar fahimta. Ana niƙe kwal ya koma gari, a hura shi cikin wuta, wutar ta tafasa ruwan da ke bi ta cikin bututu, tururin ya fito da ƙarfi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Daga nan dole a sanyaya tururin ya koma ruwa a sake zagaye, shi ya sa tashar kwal take shan ruwa sosai. Cikin zafin da kwal ya bayar, abin da ke zama lantarki bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 cikin 100 ba, saura ya bi iska da ruwan sanyayawa. Kowane yunit na wutar da aka samu yana sakin kusan kilo guda na iskar kabon, wato ninki biyu na abin da tashar gas ke saki. Ita kuwa Birtaniyar da ta faro tafiyar ta rufe tasharta ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumban 2024.

A Najeriya an gano kwal a tsaunin Udi, kusa da inda Inugu take a yau, a 1909. Haƙa ta kankama wajen 1916, shekarar da layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, garin da Turawa suka kafa tasharsa ta ruwa musamman don fitar da wannan kwal. Mutanen arewa na ganin labarin kamar na wasu ne, alhali da kwal ɗin Inugu jiragen ƙasa suka riƙa kwashe gyaɗar Kano da fatu da ƙiraga. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, shi ya ɗauki audugar kudancin Katsina, shi ya mayar da Funtuwa babbar cibiyar ciniki. Birnin Katsina da Daura ba su samu dogo ba, sai dai a kai kayansu Kano ko Funtuwa a mota ko a kan jakuna da raƙuma. Duk da haka kuɗin gyaɗar da suka shiga aljihun kakanninmu, akwai gumin mahaƙan Inugu a ciki. Da jininsu ma. A ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan mahaƙan da ke yajin aiki a ramin Iva Valley, suka kashe 21, suka raunata 51, abin da ya ƙara wa gwagwarmayar neman 'yanci wuta.

An kafa Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950, haƙa ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950, wajen tan 900,000 a shekara. Daga nan sai gangara. Manyan masu saye biyu ne, hukumar jiragen ƙasa da ta lantarki, kuma dukansu suka juya baya: jirage suka koma dizal, tashoshi suka koma mai da gas bayan an samu fetur a Oloibiri a 1956, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a ƙarshen shekarun 1960. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka. Tashar Oji River da aka gina don ƙona kwal ɗin Inugu ta mutu. A yau babu ko tasha ɗaya mai aiki da kwal da ke ba babban layin wutar ƙasa lantarki, gas ne da ruwa.

Batun ƙarfe ne ya fi ciwo. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya ana samar da shi ne a dogon tanderu, inda ake zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa daga sama, a hura iska mai zafi daga ƙasa. Aikin kwal a nan ya wuce ba da zafi. Shi ne ke zare iskar da ke ɗaure da tama ya bar tsantsar ƙarfe, shi ne kuma ke tallafe nauyin kayan da aka zuba don iska ta samu hanyar wucewa. Kwal ɗin da zai yi wannan dole ya zama mai narkewa ya dunƙule ya yi tauri idan an gasa shi, kuma sai an ƙona kusan kilo 770 kafin a samu tan guda na ƙarfe. Lokacin da aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, an san tamar Itakpe tana kusa, amma kwal mai wannan siffa a Najeriya sai a yankin Lafiya da Obi na jihar Nasarawa, shi ma ga toka da farar wuta da yawa ga wuyar haƙa. Ma'ana ko da an kammala, sai an shigo da mafi yawansa ta teku. Dogon tanderun Ajaokuta bai taɓa narka tama ba har yau.

Me ya haɗa wannan da mu? Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina. Gwamnatin tarayya ta gina irinsa uku a farkon shekarun 1980, a Katsina da Jos da Osogbo, kowanne an tsara shi ya fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Ba sa narka tama, sandunan ɗanyen ƙarfe suke jira daga masana'antar ƙarfe ta Aladja a jihar Delta, da kuma Ajaokuta idan ta tashi. Ajaokuta ba ta tashi ba, Aladja ba ta taɓa wadatar da su ba, ga nisan hanya a tirela ba dogo. Daga bisani aka sayar da na Katsina ga kamfanin Dana. Duk magidancin da ya sayi rodi da tsada don ɗora bene a Ƙofar Ƙaura yana biyan wani ɓangare na wannan lissafi da bai cika ba.

Inda kwal ɗin Najeriya ke raye a yau shi ne siminti. Tanderun siminti na bukatar zafin da ya kai digiri 1,450, kuma matsakaicin kwal irin namu ya isa. Kamfanin Ashaka na haƙa a Maiganga ta jihar Gombe, Dangote na haƙa a yankin Ankpa na Kogi. Da yawa daga buhunan simintin da ake saukewa a Daura da Mashi da wutar kwal aka gasa su. Mutanen da ke zaune kusa da waɗannan ramuka sun sha kokawa kan ƙura da gurɓacewar ruwan sha da asarar gonaki, kuma duk mai kiran a faɗaɗa haƙa ya kamata ya sa su cikin lissafi tun farko.

To a gina wa Katsina tashar lantarki ta kwal mana? A ganina wannan ba mai yiwuwa ba ne, kuma ɓata lokaci ne a ci gaba da sa rai. Tasha mai megawat 1,000 tana cin wajen tan 9,000 zuwa 10,000 a kowace rana. In tirela na ɗaukar tan 30, sai tirela fiye da 300 sun iso kullum daga Kogi ko Gombe, damina da rani, ba fashi. Duk abin da Inugu ta haƙa a shekararta mafi albarka, wata uku da 'yan kwanaki irin wannan tasha za ta yi ta cinye shi. Sai ruwa. Madatsun Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke ruwan sha da noman rani ma suna jiransu. Sai kuɗi. Manyan bankunan raya ƙasashe sun daina ba da bashin gina tashar kwal, Sin ma da aka dogara da ita ta sanar a Satumban 2021 cewa ba za ta sake gina sabuwa a ƙasashen waje ba. A shekarar ce kuma shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa duniya alkawari a taron Glasgow cewa Najeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda take shanyewa ba nan da 2060.

In ma za a gina, a bakin rami ake ginawa, a turo wutar ta waya. An daɗe ana maganar irin wannan tasha a Itobe ta jihar Kogi, ba ta tabbata ba. Kuma waya ita ce raunin arewa. A watan Oktoban 2024 jihohin arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu saboda an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke bi ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Wutar da aka samar a Kogi, ko da kwal ko da gas, ta irin waɗannan layuka za ta biyo. Abin da Katsina ke da shi a gida rana ce da iska, kuma tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10, wadda aka faro tun zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ta nuna cewa matsalarmu ta fi karkata ga kammala aiki da kula da shi fiye da irin makamashin da aka zaɓa.

Saura murhu, kuma a nan ne nake ganin maganar kwal ta cancanci a zauna a kanta da gaske. A hanyar gargajiya, kafin a samu kilo guda na gawayi sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace. Kuma ba kowane icce ake nema ba, sai masu tauri masu jinkirin girma: ƙirya, marke, kaɗanya, har ɗorawa da tsamiya da a da ba a taɓa su saboda amfaninsu. Dajin Rugu ya sha sara tun kafin rashin tsaro ya mamaye shi. A Baure da Zango da Mai'aduwa da Kaita, inda aka sha wahalar dasa layukan bedi don tare iska da rairayi, ana ganin yadda ake yi musu sassabe. Tsaya bayan gidan burodi da asuba ka ga abin da ake turawa cikin tanderu: gungume ne da sai mutum biyu sun ɗaga, wani da ɗanyen ɓawonsa, kuma gobe ma haka. Ƙara makarantun kwana, da masu abincin sayarwa, da masu suyar ƙosai da awara, da masu dafa shinkafa kafin a kai ta injin casa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gwada wannan hanya. Suna da ramin kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin Sonichar ke ba ma'adinan yuraniyom na Arlit da garin Agadas wuta tun farkon shekarun 1980. Suna da wani babban jibge a Salkadamna cikin jihar Tawa. Sun kuma kafa kamfani na musamman da ke gasa kwal ya rage masa hayaƙi don a yi girki da shi a gidaje da barikoki da makarantu, da niyyar rage sare itace. Abin bai karɓu yadda aka so ba. Kwal ya fi gawayi wuyar kamawa, yana son murhu na daban mai jure zafinsa, ga kuɗin dako daga Agadas zuwa Yamai ko Maraɗi. Waɗannan su ne tambayoyin da za su tarbe mu, kuma amsoshinsu na nan tsallaken Jibiya ga mai son tambaya.

Abin da ba za a yi wasa da shi ba shi ne ɗanyen kwal a cikin gida. Hayaƙinsa na ɗauke da farar wuta da kwalta da ƙura mai shiga can cikin huhu. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar, aƙalla mutum 4,000 suka mutu nan take, binciken baya ya nuna adadin ya fi haka nesa. A wani yanki na lardin Yunnan na ƙasar Sin an samu ciwon dajin huhu ya yi yawa tsakanin matan da ba su taɓa shan taba ba, saboda girki da kwal mai hayaƙi a ɗakin da ba mafita. Mu da muke shigar da kaskon wuta ɗaki mu rufe ƙofa da taga lokacin hunturu, ko gawayi ma yana kashe mutane a barci ta wannan hanya, balle kwal. Ba kuma za a ɗora tsire ko masara kai tsaye a kan garwashinsa ba. Abin da ake magana a kai shi ne kwal da aka gasa aka fitar masa da yawancin hayaƙi, aka niƙe, aka haɗa da ɗan farar ƙasa mai kama farar wuta, aka cura shi dunƙule-dunƙule.

Saboda haka ni da za a ji ta tawa, ba da uwargida za a fara ba. Ita gas ya fi dacewa da lafiyarta da ta goyonta, kuma bututun da aka faro a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ya kamata jihar ta nemi rabonta a cikinsa. Da manyan masu cin itace za a fara: gidajen burodi, ɗakunan girkin makarantun kwana, gidajen gyaran hali, barikoki. Tanderunsu a waje yake ko yana da bututun hayaƙi, suna saye da yawa a lokaci guda, ana iya horar da mai kula da wutar, ana kuma iya auna abin da aka rage na itace a wata. Makarantun kwana na gwamnatin jiha ne, ba sai an jira Abuja ba kafin a gwada a 'yan kaɗan a ga lissafin.

Lissafin kuwa a kan dako zai tsaya, domin kwal kaya ne mai nauyi mai arha, wanda kuɗin mota kan fi kuɗinsa idan tafiya ta yi nisa. Mai gidan burodi ba zai bar itace ba sai buhun curin kwal ya gasa masa burodi daidai da na itace a kuɗin da bai fi ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, karo na farko ke nan da waɗannan garuruwa za su ga jirgi. Amma daga Kano zuwa inda kwal yake akwai giɓi. Na Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa, na Abuja zuwa Itakpe ba a gina ba, tsohon layin gabas da ya ratsa Inugu da Makurɗi da Lafiya da Kafanchan, da reshensa na Gombe, yawancinsa a kwance yake, kuma faɗinsa ma ba ɗaya ba ne da na sabon. Kafin a ɗinke wannan giɓi, duk kwal ɗin da zai iso Katsina a bayan tirela zai zo, da dizal a farashin yau, kuma da wannan farashin ya kamata duk wani gwaji ya yi lissafinsa.